Dankalin Imanan da waken Kurfai: girke-girke huɗu masu sauƙi da ke ciyar da iyali

Daga watan Janairu zuwa Maris, duk wanda ya bi hanyar Filinge zuwa Yamai zai yi ta cin karo da motoci maƙare da buhunan dankalin turawa, wanda a kasuwannin Nijar aka fi sani da kwambitar. Daga Imanan suke fitowa, ƙaramar hukumar da Bonkuku ke zaman babban garinta, cikin gundumar Filinge a jihar Tilaberi. Garin yana cikin kwarin Dallol Boso, inda ruwa bai da nisa da ƙasa, don haka da an gama girbin hatsi sai mutane su koma garka. Ana shuka dankalin da shigowar sanyi, wajen watan Nuwamba, galibi da irin da aka shigo da shi daga Turai, a tona shi bayan kamar wata uku.

Matsalar ita ce kusan kowa lokaci guda yake tono. Zafi kuma na bin bayan girbin, dankali ba ya jure zafi, wuraren ajiya masu sanyi ba su wadata ba. Dole manomi ya sayar da wuri, farashi ya faɗi. Abin da ke damun manomi ke nan, amma ga uwar gida dama ce: a cikin waɗannan watanni dankali na shiga sahun abinci mafi araha a kasuwa.

Me ya sa maganar ta shafi kowane gida?

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar, cefane ya ƙara nauyi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma iyakar Benin, wadda ta nan kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka saba shigowa, ta daɗe a rufe. Shinkafar waje, taliya da man girki duk sun ji a jikinsu. A jihar Tilaberi kuma ga matsalar tsaro, wadda ta rage zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Gidan da ya dogara kacokan ga abin da ake shigowa da shi, shi ne ya fi shan wuya duk ranar da hanya ta toshe.

A birni, yawancin dankalin Imanan a kaskon suya yake ƙarewa. Soyayyen dankali na da daɗi, sai dai yana shan mai da yawa, kuma ba ya ƙosar da gida mai mutum takwas ko goma. Ga kuma wani abu: kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin dankali ruwa ne, sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Yana ba da ƙarfi, yana da bitamin C, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro.

A nan wake ke shigowa. Busasshen wake na ɗauke da sinadarin gina jiki sama da kashi 20 cikin 100, abin da ya sa ake yi masa kirari da naman talaka. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma a ƙasar Kurfai ana shuka shi tsakanin layukan hatsi kowace damina. Idan aka haɗa dankali ko hatsi da wake, aka ƙara ganye da ɗan mai, an sami cikakken abinci ko babu nama. Girke-girke huɗun da ke biye duk a kan wannan haɗin suka tsaya, kuma an auna su ne don mutum takwas.

Na farko: faten dankali da wake

Shi ne wanda a gidajen abinci na Yamai ake kira ragu, sai dai a nan wake ya maye gurbin nama.

Kayan haɗi: dankali kilo 2, wake rabin kilo, albasa 3, tumatir 5 ko kauɗar tumatir cikin hannu biyu, tattasai 2, man gyaɗa ludayi ɗaya, daddawa, gishiri, ɗan busasshen kifi in da hali, da ganyen zogale ko alayyafo.

A jiƙa wake tun da dare, da safe a zubar da ruwan jiƙon a ɗauraye. A ɗora shi da sabon ruwa ya yi minti 30 zuwa 40, har ya fara laushi. Kafin nan a soya albasa cikin mai, a zuba jajjagen tumatir da tattasai, a bar shi har mai ya taso. A juye wannan cikin tukunyar wake, a sa daddawa, kifi da gishiri. Sai a zuba dankalin da aka fere aka yanka manya-manya, a ƙara ruwa daidai yadda zai rufe shi. Minti 15 zuwa 20 sun isa. Idan ya nuna, a murƙushe ƴan guntaye kaɗan da bayan ludayi don romon ya yi kauri. Alayyafo a ƙarshe ake zuba shi, minti 5 kafin a sauke. Zogale kuwa ya fi son a ɗan tafasa shi daban tukuna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba dankali da wake lokaci guda. Kafin wake ya nuna, dankali ya narke ya zama kunu.

Na biyu: wake da shinkafa, amma wake ya fi yawa

Wannan kowane gida ya san shi. Abin da ke canza lissafi shi ne awo. Maimakon shinkafa mai yawa da wake tsilli-tsilli, a yi rabi da rabi: shinkafa kilo ɗaya, wake kilo ɗaya ko kusa da haka. Buhun shinkafa ya ƙara kwana, abincin kuma ya fi riƙe ciki.

A fara dafa jiƙaƙƙen wake har ya kusa nuna, sannan a wanke shinkafa a zuba, a sa gishiri, a rage wuta, a rufe har ruwa ya tsotse. A soya albasa da yawa cikin mai, a zuba a kai, a barbaɗa yaji. A lokacin noman rani, a yanka kabeji, tumatir da salati a gefe, bayan an wanke su da ruwa mai tsabta.

Maganar kanwa na buƙatar taka-tsantsan. Kwarin Dallol Boso kansa ƙasar kanwa ce, kuma mata sun saba jefa ta cikin wake don ya nuna da wuri. Tana yin aikin, amma idan ta yi yawa tana kashe wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikin waken. Jiƙon dare yana rage lokacin dahuwa ba tare da wannan asara ba, yana rage kumburin ciki, yana kuma rage itace ko gas. Idan dole sai an sa kanwa, ɗan ƙanƙanin gutsure ya isa.

Na uku: dambun masara da zogale

Dambu ya fi sauran cin lokaci, amma ba ya son mai da yawa, kuma yana iya zama abincin rana da na dare.

Kayan haɗi: tsakin masara ko na hatsi kilo ɗaya da rabi, zogale kwano babba, albasa 3, tattasai 3, man gyaɗa ludayi ɗaya, dakakken ƙuli-ƙuli, gishiri da yaji.

A wanke tsaki a tsane shi, a zuba a madambaci, a liƙe bakin tukunya don kada tururi ya tsere. Bayan minti 20 zuwa 25 a juye a babban kwano, a yayyafa ruwa kaɗan, a warware shi da muciya. A haɗa da zogalen da aka tafasa aka matse, da yankakkiyar albasa, tattasai, gishiri da rabin man. A mayar a madambaci ya ƙara minti 15 zuwa 20. Wurin ci a zuba sauran man da ƙuli-ƙuli. Wanda ke da dafaffen wake ko dafaffen dankali da ya rage, ya yanka ya cakuɗa a ciki, dambun ya ƙara auki.

Ranar da babu lokacin turara dambu, zogalen nan da ƙuli-ƙuli, albasa da tumatir sun isa a yi kwaɗo, wanda Zabarmawa ke kira kopto. Dafaffen dankali da aka yanka ƙanana yana shiga kwaɗo sosai, ya mai da shi abincin da ake ƙoshi da shi.

Na huɗu: tuwon hatsi da miyar kuɓewa

Idan bazara ta kama, kayan garka suka ƙare, busasshiyar kuɓewa ce ke rufa wa gida asiri. A tafasa ruwa lita ɗaya da rabi da daddawa, dakakken busasshen kifi, gabu ko albasa, barkono da gishiri, na tsawon minti 15. A rage wuta, a riƙa barbaɗa garin kuɓewa ana kaɗawa da maburgi don kada ta yi gudaji. Kada a rufe tukunya, in ba haka ba miyar za ta zube, yauƙinta ya tsinke. Minti 5 zuwa 10 ta yi. Dafaffen waken da aka murƙushe aka zuba a ciki yana ƙara mata kauri da amfani ba tare da ya ɓata ɗanɗano ba.

Tukunyar da ta tsallaka teku

Biyu daga cikin waɗannan girke-girke suna da ƴan uwa a kudancin Amurka. A jihohin Karolina ta Kudu da Jojiya, akwai abincin wake da shinkafa da suke kira Hoppin' John, wanda iyalai ke ci ranar sabuwar shekara don fatan arziki. A jihar Luwiziyana kuma akwai gumbo, miya mai kauri da ake yawan yi da kuɓewa a ci da shinkafa. Sunan nata da kalmar gombo ta Faransanci tushensu ɗaya, daga harsunan yankin Angola. Wake da kuɓewa duka daga Afirka suka isa can a zamanin cinikin bayi, kuma matan Afirka da aka bautar su ne suka kafa wannan salon girki: tukunya ɗaya, wake, ganye, ɗan nama don ƙamshi kawai. Dankali kuwa tafiyarsa ta biyo akasin wannan hanya. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, ya bi ta Turai kafin ya iso garake irin na Imanan, Dogon Dutsi da tsaunukan Abzin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 10 ga watan Fabrairu a matsayin ranar wake da danginsa, da 30 ga watan Mayu a matsayin ranar dankali.

Rabon yara ƙanana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a fara ba shi ƙarin abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Faten dankali da wake ya dace da wannan mataki. Kafin a sa barkono, a ɗebi rabon yaro, a murƙushe shi ya yi laushi, a ƙara ƙaramin cokali na mai. Dafaffen ƙwai, in an samu, ya ƙara masa inganci. A ba yaro a kwanonsa daban, don a cikin kwanon taro manyan yara ne ke cinye rabonsa. Ga yaran da suka tasa, nono da cuku ba baƙi ba ne a ƙasar da ke da tashar kiwon shanun Azawak ta Tukunus.

Abu biyu kuma sun shafi manya. Na ɗaya, shayi: shan sa nan take bayan cin wake ko ganye yana rage yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da jiki ke ɗauka, alhali ɗanyen tumatir ko matsin lemun tsami na ƙara shi. Mata masu ciki da masu shayarwa su fi kowa kiyaye wannan, su jinkirta shayi kamar awa ɗaya. Na biyu, gishiri: hukumar ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi mafi yawansa gishiri ne. Wadda ta sa daddawa da kifi, ta rage magi.

Yadda za a ajiye don araha ta daɗe

Sayen dankali da yawa lokacin araha ba ya da amfani idan rabinsa zai ruɓe. A zaɓi wanda fatarsa ta yi ƙwari, marar rauni. Kada a wanke shi kafin ajiya, kada a ƙulle shi cikin leda. A baza shi a ɗaki mai iska da duhu, a kan tabarma ko busasshen yashi, a riƙa dubawa ana cire wanda ya fara lalacewa. Haske ne ke sa dankali ya yi kore, kuma koren da tsiron suna ɗauke da guba mai sa amai da ciwon ciki. A yanke wurin sosai a zubar. Wanda ya yi kore da yawa ko yake ɗaci, a jefar da shi gaba ɗaya.

Wake kuwa maƙiyinsa ƙwaro ne. Buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, masu bincike na cibiyar INRAN kuma suka yi aiki a kansa a Nijar, yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska, ba tare da magani ba. Jarka mai tsabta da aka cika taf aka toshe bakinta ita ma tana yin wannan aiki. Waken kasuwa da ke warin magani, a guje shi.

Tumatir ma yana araha a watannin da dankali ke araha. A yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura, a yi kauɗa. Haka kuɓewa, zogale da ganyen albasa, sai dai ganye a inuwa ake shanya shi don kada rana ta cinye amfaninsa. Gidan da ya yi wannan tanadi a watan Fabrairu da Maris, zai tarar da kayan miya a hannu a watan Yuni da Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, kasuwa kuma ta fi tsada.