Daga Maraɗi zuwa bakin teku: hutun wani ɗan lise a Kwatano da Lome

A wasu gidajen ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram, yaron da ya ci jarrabawar bakaloreya, tukuicinsa shi ne a kai shi ya ga teku. Babban hutu yakan kama daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, damina ta tsaya, kasuwa ta yi sanyi, iyaye mata masu saro atamfa su ɗaura niyyar kudu, sai a haɗa su da ƴan makaranta. A da tafiyar ba ta da wani tarnaƙi. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin zaman kwana 90 a ƙasar maƙwabta ba da biza ba, kuɗin kuwa sefa ce daga Maraɗi har Lome.

Wani saurayi ɗan shekara 19, wanda ya gama lise a Maraɗi, ya yi wannan tafiya cikin watan Agusta na 2025, tare da mahaifiyarsa, da ƙanwarsa, da abokan ajinsa guda biyu. Ɗaya daga cikin abokan ya ci jarrabawa kamarsa, ɗayan kuwa, ɗan wani ƙauye na wajen Tasawa, ya faɗi karo na biyu. An tafi da shi ne don a ɗebe masa takaici.

Kafin a tashi sai da aka yi muhawara a gida, domin hanyar ba ta nan yadda uwar ta san ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin cikin Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilin tsaro. Ranar 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, ko da yake CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku har sai an ga abin da hali ya yi. Ga kuma labarin arewacin Benin, inda aka kashe sojoji 54 cikin Afrilu 2025 a yankin gandun dajin W. Mahaifin yaron bai so tafiyar ba. Abin da ya rinjaye shi zumunci ne: ƙanen matarsa yana zaune a unguwar Zango ta Kwatano, shekara biyu ba a sa shi a ido ba.

Daga Maraɗi motar ta bi Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi zuwa Doso, sa'an nan ta karkata kudu ta sauke su a Gaya. Nan aikinta ya ƙare. Fasinja ya ɗauki kayansa, ya hau kabu-kabu zuwa bakin kogin Isa, ya shiga kwalekwale, ya ƙetare yana hangen gadar a gefe babu mai bi ta kanta, can kuma wata motar tana jira. Kowane mataki da kuɗinsa: mai ɗauko, mai babur, mai jirgi, da masu duba katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara a gaɓa biyu. Yaron, wanda ya sha karanta darasin haɗin kan Afirka ta Yamma a aji, a ranar ya ga fassararsa, yana riƙe da hannun ƙanwarsa da ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, ruwan damina ya cika kogi, jirgin kuma ya ɗauki mutane da buhuna fiye da ƙima.

Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, ta Kandi da Faraku. Uwar ta nuna musu tashar jirgin ƙasa ta Faraku, inda a zamanin kakanninsu ake sauka daga mota a shiga jirgin OCBN, kamfanin haɗin gwiwar Benin da Nijar, a yi kilomita 438 zuwa teku. Jirgin fasinja ya daɗe da daina aiki.

Kwana goma suka yi a Kwatano. Sun sha yawo bisa zemijan, wato kabu-kabun garin masu rawayar riga, sun ɓace a kasuwar Dantokpa, sun ɗauki hoto ƙarƙashin gunkin mayaƙiyar Dahome mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022. Teku kuwa, da suka tsaya gabansa, ba wanda ya yarda ruwan ya wuce idon sawunsa, don igiyar wannan gaɓa ta yi suna wajen janye baƙo. Ranar da ta fi zama a ran ɗalibin ita ce ta Wida, garin da aka yi lodin bayi zuwa ƙasashen Amurka. Sun bi hanyar da bayin suka bi zuwa bakin ruwa, inda aka gina Ƙofar Tafiya Ba Dawowa a 1995. A littafin tarihi na lise cinikin bayi babi ne da ake haddacewa saboda jarrabawa. A Wida sai ya tashi da wata tambaya da malaminsa bai taɓa yi ba: mutum nawa daga cikin waɗanda aka kora bisa wannan rairayi suka fito daga arewa, suna jin harshen da yake ji? Tarihi dai ya tabbatar akwai Hausawa cikin bayin da aka kai Bahiya ta Birazil, har sun yi tawaye a can a farkon ƙarni na 19.

Amma abin da ya fi nauyi a gidan kawun aka gan shi. Sana'arsa fito da kayan ƴan kasuwar Nijar daga tashar jiragen ruwa, ya ɗora su bisa manyan motoci zuwa Gaya. Tashar Kwatano ita ce babbar ƙofar Nijar shekara da shekaru, har Zangon garin ya zama kamar wata unguwa ta Maraɗi, inda ake sayar da kilishi da fura, ake ciniki da dala da jika. Tun da aka rufe gada aikin ya tsaya. Kawun ya sallami yaransa, ya sayar da mota, ya karɓi baƙinsa da fara'a da tuwo kamar yadda aka saba, amma uwar ta lura kuɗin cefane daga jakarta yake fita. Ba ta ce uffan ba, shi ma bai ce ba.

Kayan Nijar sun koma tashar Lome, daga can su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Don haka da kawun ya ce zai raka su Lome, mai tazarar kilomita 150 ko kusa da haka, kowa ya gane ba yawon buɗe ido ne ya kai shi ba. Uwar ta shiga babbar kasuwa wajen magadan Nana Benz, matan da suka yi arziki da cinikin atamfa, yaran kuma suka taka har Aflawo, inda birnin Lome ya ƙare Gana ta fara, suka leƙa suka dawo, don daga nan sai sidi da Ingilishi. Masauki a Zangon Agowe aka yi, wajen wani maigida mutumin Tawa.

A wannan masauki ne ɗan Tasawa ya sami abin da bai zo nema ba. Wani mai shagon kayan waya yana neman yaro mai iya lissafi da Faransanci, ga ɗaki, ga abinci, ga ɗan abin sawa a aljihu a ƙarshen wata. Ga wanda ya faɗi bakaloreya sau biyu, wanda ubansa ke sayar da hatsin gida don biyan kuɗin makaranta, tayin ba abin rainawa ba ne. Abokansa sun kwana suna ba shi baki ya koma ya sake gwadawa. Shi kuwa ya lissafa musu yayyensu da suka fito daga jami'a da digiri suna zaune a fada suna dafa shayi. Babu wanda ya iya ƙaryata shi. Ba sabon abu ba ne: fataken da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja haka suka riƙa barin ƴaƴansu a zango-zango, kuma zangunan kurmi da irin waɗannan yara suka cika. Bambancin shi ne wannan amana ce, uwar abokinsa ta karɓo shi daga hannun iyayensa da alkawarin za ta maido shi.

Ta buga waya ƙauye. Uban yaron ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya tambayi ko maigidan mutumin kirki ne, yana salla, kuma nawa zai riƙa biya.

Mutum biyar suka ƙetare kogi a tafiya, huɗu suka ƙetaro a dawowa cikin farkon Satumba, da dilar atamfa biyu da kwalbar ruwan teku da ƙanwar ta ɗebo wa kakarta. Ɗalibin ya kai takardunsa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Kawun ya zauna a Lome yana neman abokan hulɗa, iyalinsa suna Kwatano. Ɗan Tasawa ya aiko wa ubansa kuɗin wata na farko, tare da saƙon a ajiye masa littattafansa kada gara ta ci.