Dutsen da ya faɗo daga sama

Ɗan'uwa, in ka ga wuta ta ratsa sama da dare a Tasawa ko Mayahi, kada ka tsorata. Wasu na cewa baƙi ne daga wata duniya. Galibi dai dutse ne ke ƙonewa cikin iska.

A 1962, irin wannan dutse ya faɗo a Zagami, ƙasar Katsina, dab da wani manomi. Nauyinsa kilo 18. Masana suka gano daga duniyar Mars ya fito. Amma har yau ba a ga mai rai can ba.

Wani da aka tsinta a jihar Agadas, an saida shi Amurka a 2025, sama da dala miliyan 5. In ka tsinci irinsa, kada ka saida a ɓoye. Sanar da hukuma.