Me ya sa kifin diskus ke goga jikinsa, kuma yaushe ya kamata a zuba masa magani?

A duniyar masu kiwon kifin ado, diskus ne ake yi wa kirari da sarkin akwatin gilashi. Jikinsa faifai ne mai launuka masu ɗaukar ido, kuma yana cikin kifayen ado na ruwan daɗi masu tsada.

Asalinsa daga kogunan yankin Amazon ne, a ƙasashen Brazil da Peru da Kolombiya. Masanin kifaye ɗan ƙasar Ostiriya, Johann Jakob Heckel, shi ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1840. A yau, yawancin waɗanda ake sayarwa a gonakin kifi ake ƙyanƙyashe su, musamman a Malesiya da Tailan da wasu ƙasashen kudu maso gabashin Asiya.

Wannan doguwar tafiya daga gona zuwa dillali zuwa shago ita ce ke ba ƙananan halittu masu maƙalewa a fata damar yaɗuwa. Sai dai sau da yawa ba su ke kashe kifin ba, maganin da aka zuba bisa zato ne ke ƙarasa shi.

Alamomin da ake fara gani

Diskus mai fama da ƙaiƙayi yakan zabura ya goga gefen jikinsa da dutse ko itace ko bututun da ke cikin akwatin. Yakan tattare fikafikansa, ya koma lungu, ya ƙi cin abinci.

Launinsa yakan yi duhu, wani lokaci har ya kusa zama baƙi. Yauƙin da ke jikinsa yakan ƙaru har ya zama tamkar farin hazo a fata.

Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce ta numfashi. Idan kifi yana haki, ko ya rufe mashaƙar numfashi ta gefe ɗaya yana aiki da ɗayar kawai, to akwai abin da ke damun wurin.

Ruwa ne abin zargi na farko

Duk waɗannan alamomi gurɓataccen ruwa ma yana haifar da su. Sinadarin amoniya da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci yana ƙona mashaƙar numfashi. Haka ma naitirait, da sinadarin kulorin na ruwan famfo.

Shi ya sa matakin farko shi ne gwada ruwa. Ya kamata amoniya da naitirait su kasance sifili, ɗumin ruwan kuma tsakanin digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas.

Idan gwajin ya nuna matsala, sai a sauya kaso mai yawa na ruwan da wani mai ɗumi iri ɗaya, wanda aka cire wa kulorin. Sau da dama kifin kan warware a nan. Zuba magani a ruwan da ya riga ya lalace kuwa, ƙara wa Borno dawaki ne.

Su wane ne masu laifin?

Idan ruwa lafiya yake amma alamomin sun ci gaba, sai a duba waɗannan:

Tsutsotsin mashaƙar numfashi: su ne suka fi addabar diskus, musamman ƙanana. 'Yan dangin Dactylogyrus ne, suna da ƙugiyoyin da suke kafawa a nama, kuma ƙwai suke sakawa.

Tsutsotsin fata: ana kiran su Gyrodactylus. Su haihuwa suke yi, kuma 'yar da aka haifa takan fito da wata a cikinta. Wannan ne ke sa su cika akwati cikin ɗan lokaci.

Cutar fararen ɗigo: wata halitta mai suna Ichthyophthirius ce ke jawo ta. Kifin zai zama kamar an barbaɗa masa gishiri.

Masu sa fata hazo: irin su Ichthyobodo da Chilodonella da Trichodina. Ido ba ya ganin su, sai dai ya ga yauƙin da suke haddasawa.

Ƙwarƙwatar kifi da tsutsa mai kafa kai a fata: waɗannan biyu ne ake iya gani ƙarara ba tare da na'ura ba.

Masu kiwon tarwada da karfasa sun san da dama daga cikinsu, domin dangoginsu na shiga tafkunan kiwo. Diskus ma ɗan uwan karfasa ne, dangi ɗaya suka fito.

Hanyar tabbatarwa ita ce a shafo ɗan yauƙi daga jikin kifin a hankali, a ɗora a gilashi da ɗigon ruwan akwatin, a duba nan take da na'urar hangen ƙananan halittu. Wadda ke ƙara girman abu sau 40 zuwa 100 ta isa a ga tsutsotsin suna motsi. Likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi zai iya yin wannan aiki.

Kowace cuta da maganinta

Ga tsutsotsi, maganin da aka fi amfani da shi shi ne praziquantel, wanda shi ne kuma ake ba mutane masu cutar tsargiya. Sai dai ba ya kashe ƙwai. Wanda ya zuba sau ɗaya ya tsaya zai ga sauƙi na 'yan kwanaki, sannan cutar ta dawo. Dole a maimaita bayan kwanakin da takardar maganin ta ƙayyade, domin a tarbi waɗanda suka ƙyanƙyashe.

Cutar fararen ɗigo kuwa tana da nata salon. Muddin halittar tana ƙarƙashin fata, magani ba ya isa gare ta. Sai ta faɗo ƙasa ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya masu iyo suna neman kifi, a lokacin ne ake iya kashe su. Don haka ake ci gaba da magani na wasu kwanaki bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace. Magungunanta galibi haɗin fomalin ne da wani koren rini mai suna malakait.

Fomalin da fotasiyam famanganet, wato sinadarin nan mai mayar da ruwa shunayya, suna aiki a kan masu sa fata hazo. Amma kaifi biyu gare su: ɗan kuskure a awo ya isa ya ƙone mashaƙar numfashi.

Idan kuwa kifi yana fitar da farin kashi mai kama da zare yana ramewa, matsalar a hanji take. Yawancin waɗannan magungunan fata ba za su yi masa amfani ba.

Abubuwan kiyayewa

A lissafa ainihin yawan litar ruwan da ke cikin akwatin kafin a auna magani.

A cire gawayin tace ruwa, domin yana tsotse maganin.

A ƙara ƙarfin na'urar hura iska. Ruwan ɗumi dama iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, fomalin kuma yana ƙara rage ta.

Kada a gwama magunguna biyu, musamman fomalin da famanganet. Fomalin da ya yi farin laka a gindin kwalba ya zama guba, a rabu da shi. A sa safar hannu yayin taɓa shi.

Kada a kusanto da rinin malakait ga kifin da za a ci. Amurka da Tarayyar Turai sun haramta shi a kiwon kifin abinci.

Killace baƙo

Ƙwararrun masu kiwo ba sa jefa sabon kifi kai tsaye cikin tsofaffi. Suna ajiye shi a wani akwati daban na makonni 4 zuwa 6, da komarsa da bokitinsa da tiyonsa na daban, suna lura da numfashinsa da cin abincinsa.

Kuɗin ƙaramin akwatin killacewa bai kai na babban diskus mai kyau guda ɗaya ba, amma shi ke tsare sauran duka. Rigakafi dai ya fi magani.