Fenti Ba Ya Toshe Tsaga: Sana'ar Gyaran Jirgin Faiba Da Ke Jiran Matasan Kano

In ka ji an ce Challawa, masana'antun jima da na roba ne za su fara faɗo maka a rai, kamar na Sharada da Bompai. Amma fa Challawa sunan kogi ne, kuma a kansa aka gina madatsar ruwan da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Can da Tiga da Watari, kullum kwale-kwale na ɗauke da masunta da fasinja.

Ba za mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. Lodi fiye da ƙima aka ɗora wa laifin. Bayan yawaitar irin waɗannan haɗurra, Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su maye jiragen katako da na faiba da na alminiyon. To, ga tambaya ɗan'uwa: in na faiban ya tsage, wa zai gyara?

Faiba zaren gilashi ne da ake jiƙa shi da rezin ya daskare. Ba ya ruɓewa kamar katako, amma in ya daki dutse ko kututture yakan tsage. Babban kuskure shi ne a shafe tsagar da fenti, ido ya ga ta ɓace. Ruwa kuwa ba ruwansa da kyan fenti, shiga zai yi tsakanin shimfiɗun faiban yana ɓanɓare su a hankali.

Ga yadda ake yi. A fito da jirgin tudu, a wanke ƙasansa, a bar shi ya bushe sosai, don rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Sai ka ɗauki tsabar kuɗi ko ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasa kewayen tsagar. Inda lafiya ƙarar tsaf take fita, inda ya ɓanɓare kuwa za ka ji ta kamar ta fankon gwangwani. Yi wa wurin alama gaba ɗaya, don ɓarnar takan wuce abin da ido ke gani.

Daga nan sai gurza. A cire fenti da duk faiban da ya lalace, a zaftare bakin ramin ya yi gangare. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce 12 bisa 1: in kaurin jikin jirgin milimita 5 ne, gangaren ya kai santimita 6 ta kowane gefe. Wannan faɗin ne ke ba sabon faci wurin kamawa. A share ƙura, a goge da asiton.

Sai a yanka ƙyallen faiba gida-gida, kowane ya ɗan fi na kusa da shi girma, a riƙa jiƙawa da rezin ana shimfiɗawa har kaurin ya dawo yadda yake. A bi da abin murzawa a fitar da kumfar iska. Efoksi ya fi foliyesta kama tsohon faiba, sai dai ya fi tsada. Ka kiyaye awon da aka rubuta a jikin gwangwani, kar ka ce bari in ƙara sinadarin daskarwa don a gama da wuri. A zafin Afrilu na Kano, haɗin zai iya ƙanƙarewa a kofi tun ba ka shafa ba, shi ya sa ake kwaɓa kaɗan-kaɗan, a inuwa, da sassafe. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba.

In ya daskare, a wanke, a goge da sanfefa, a cike ramuka, a shafa efoksin da ke tare ruwa. Sai a ƙarshe fentin ƙasan jirgi ya biyo baya. Kuma don Allah takunkumi da tabarau da safar hannu dole ne, ƙurar faiba na cin fata, tana cutar da huhu.

In kana koyon gyaran bodin mota, rabin aikin nan ka riga ka iya. Ke ma 'yar'uwa, awo da haƙuri aikin ke so, ba ƙarfi ba. Datar da muke ƙonawa a TikTok za ta isa kallon darussansa a YouTube, sai ka fara gwaji da tsohon faiba kafin ka taɓa jirgin da zai ɗauki rai.

In kuma fasinja ne kai, kafin ka shiga leƙa cikin jirgin. Ka ga ruwa na tsattsafowa, ko lodi ya yi yawa, ko babu rigar ceto? Haƙura ka jira na gaba.