Haƙƙin Ɗan Haya da na Mai Gida: Misali daga Alshajara ta Khartum

1.0 Gabatarwa

Alshajara unguwa ce a kudancin Khartum, a bakin Farin Nilu. Ma'anar sunan da Larabci ita ce itaciya, kuma a zamanin Turawa ana ce wa wurin Itaciyar Gordon. Bahaushen da ya kama haya a nan, ko a Umdurman, dokokin Sudan ne ke kansa, ko da kuwa al'adar Kano ya sani. Wannan takarda za ta dubi abin da dokokin suka ba kowane ɓangare.

Dalibi ya lura tun farko: "mai gida" a nan na nufin mamallakin gini, ba "maigida" shugaban iyali ba. Sau da yawa maigidan shi ne ɗan hayar.

2.0 Tushen Doka

Dokoki biyu ne ginshiƙi: Dokar Mu'amalolin Jama'a ta 1984, wadda aka kafa a zamanin Numeiri bisa fiƙihun Musulunci, da Dokar Hayar Gine-gine ta 1991. A fiƙihu, haya cinikin amfani ce. Ɗan haya bai sayi bango ko ɗaki ba, zama ya saya na wani lokaci sananne a kan kuɗi sananne. Daga nan sauran hukunce-hukunce suka fito. Wajibi ne mai gida ya miƙa gida a halin da za a iya zama cikinsa, ya ɗauki nauyin manyan gyare-gyare, kada kuma ya takura wa mazauni. Shi kuwa ɗan haya amana ce a hannunsa: ya biya a kan kari, ya kula da gini, kada ya sa wani a ciki haya ba da izini ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa suka sani, ta nuna mutuwar mazauni ba ta warware haya.

3.0 Hayar Hukunci

Nan ne dokar 1991 ta fi ba baƙo mamaki. Idan wa'adin yarjejeniya ya cika, hayar ba ta mutuwa nan take. Takan rikiɗe ta zama abin da ake kira ijara hukmiyya, wato hayar da doka ta ɗora, har tsawon shekara 7. A cikin wannan lokaci mai gida ba shi da ikon cire ƙofa ko watsar da kaya waje. Sai ya je kotu ya kafa hujja, kamar rashin biyan kuɗi, ko damun maƙwabta, ko bayar da gidan haya ga wani, ko matsananciyar buƙatar mai gida ya zauna da kansa.

Wannan hujja ta ƙarshe ita ce fagen jayayya, domin son ƙarin kuɗi kan sa rigar buƙata. Sai dai a yi wa masu gida adalci: idan darajar fam ta zube, kuɗin da aka yanka shekarun baya ba ya gyara ko rufin ɗaki ɗaya, kuma akwai gwauruwar da hayar ita ce abincinta.

4.0 Bayan Yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya taɓa Alshajara ƙwarai, saboda sansanin tankokin soja da ke unguwar. Mazauna da dama sun gudu sun bar kayansu a ɗaki, sojoji kuma ba su ƙwace Khartum ba sai a Maris 2025. Tambaya ita ce, wa zai ɗauki hayar watannin da ba a zauna ba? Ƙa'idar fiƙihu ta ce kuɗi na bin amfani, don haka idan gida ya rushe hayar ta faɗi. Wahalar tana ga gidan da ke tsaye, a kulle, da kayan ɗan haya a ciki: shi bai zauna ba, mai gida kuma bai samu damar ba wani ba.