Idan Jirgin Ƙasa Ya Saɓa Alkawari, Wa Za A Kai Wa Ƙara?

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya san Funtuwa ya san layin dogo. Wannan layi ya taso daga Zariya, ya ratsa garinmu, ya wuce Gusau har Ƙaurar Namoda, inda ya isa a 1929. Auduga da gyaɗa ne suka jawo shi. Malumfashi ba ta samu layi ba, sai dai a kawo amfanin gonarta tashar Funtuwa. Yau tashar ta yi tsit. Mai son hawa jirgi zuwa Abuja sai ya shiga mota ta Zariya har tashar Rigasa a Kaduna.

A can ma fasinjoji kuka suke yi. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, aka dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba. Da aka dawo, an rage yawan sawu, an ƙara kuɗin tikiti, kuma aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ba wanda ke jayayya da matakan tsaro. Sai dai idan sawu ya ragu, tikiti kan ƙare da wuri, 'yan cuwa-cuwa su samu kasuwa, talaka ya koma titin da yake gudu.

To, wa ke sauraren wannan kuka? A nan gizo ke saƙar. Dokar 1955 ce ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a ƙarƙashin Ma'aikatar Sufuri. Ita ke kula da layi, ita ke tafiyar da jirage, ita ke tsara lokutan tashi, kuma ita ce ta farko da ake kai wa ƙorafi. Ke nan wanda ake ƙara shi ne alƙali. A Ingila ba haka abin yake ba: akwai hukuma ta daban mai sa ido a kan masu tafiyar da jirage, kuma idan jirgi ya makara sosai ana mayar wa fasinja wani kaso na kuɗinsa.

Duk da haka ƙofa ba a rufe take ba. Hukumar FCCPC tana karɓar koken duk wanda aka tauye wa haƙƙi a ciniki, hukumar NSIB kuma tana binciken haɗurran jirgin ƙasa. 'Yan majalisar da ke wakiltarmu a Abuja suna da ikon kiran shugabannin hukumar jirage su yi bayani. Mai ƙorafi ya adana tikitinsa, ya rubuta rana da lokaci, domin hujja ce ke sa a saurare shi.

Akwai kuma sabon abu. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon gina layin dogo da tafiyar da shi. Saboda haka tambayar da muke yi a kan tashar Funtuwa ba ta Abuja kaɗai ba ce, har da Katsina. Masarar da iyayenmu ke nomawa tana jiran amsa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta