Shingen Iyaye a Kwamfutar Yaro: Dalilan Rushewarsa da Yadda Ake Gano Ɓaraka

Magidanci ya sayi kwamfuta domin ɗansa ya riƙa aikin makaranta. Ya zauna ya yanka mata iyaka, watau kada ta buɗu bayan ƙarfe tara na dare, kada kuma ta shiga shafukan batsa da na caca. Bayan mako biyu sai ya farka da tsakar dare ya hangi haske a ɗakin yaron, ya leƙa, ya iske shi zaune gaban kwamfuta kamar ba a taɓa kafa mata wata doka ba. Ko kuwa akasin haka ya auku, yaron ya zo da rana tsaka ya durƙusa ya ce, "Baba, ta ƙi buɗewa, ga shi gobe za a karɓi aikin." A irin wannan hali abin da ya fi saurin zuwa zuciyar uba shi ne yaro ya yi masa wayo. Wani lokaci kam haka ne. Amma sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin ɓarakar tana cikin tsarin tun ranar da aka kafa shi.

Abin da ake nufi da shingen iyaye a wannan maƙala shi ne tsarin da kamfanonin kwamfuta suka tanada domin iyaye su ƙayyade lokacin da yaro zai yi a gaban na'ura, da shafukan da zai shiga, da manhajojin da zai buɗe. Kamfanin Microsoft ya sanya irinsa a cikin Windows Vista da ya fito kasuwa a 2007, a yau kuwa sunansa Family Safety. Google ya fito da Family Link a 2017. Apple ya kawo Screen Time a wayoyinsa a 2018, sa'an nan a kwamfutocinsa a 2019. An zaɓi kalmar shinge a nan maimakon takunkumi, saboda takunkumi a bakin dabba ake ɗaura shi, duk inda ta tafi yana tare da ita. Shinge kuwa wuri yake kewayewa, wanda ya fita daga wurin ya fita daga hukuncinsa. Wannan bambanci shi ne mabuɗin maganar baki ɗaya. Za a fi mai da hankali ga Windows, tun da ita ce ta fi yawa a gidajen ƙasar Hausa.

Kwamfuta ba ta san yaro ba

Kwamfuta ba ta ganin fuskar wanda ya zauna gabanta ta ce wannan ɗan shekara goma sha ɗaya ne. Abin da ta sani shi ne asusu, watau sunan da aka shiga da shi da kalmar sirrinsa. Dokokin da uba ya tsara ba a jikin na'ura suke manne ba, a jikin asusun yaron suke. A tsarin Family Safety sai yaro yana da asusun Microsoft nasa na kansa, an shigar da asusun cikin rukunin iyali, kuma da wannan asusun ya shiga kwamfutar, kafin doka ta hau kansa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, uba zai ga dokokinsa jere a wayarsa lafiya lau, alhali babu wanda suke ɗaurewa.

A nan ne yanayin sayen kwamfuta a ƙasar nan ya shigo. Yawancin kwamfutocin da ake saya wa yara na gwanjo ne. Mai shago ko mai gyara shi ne ke sa musu Windows, kuma domin sauƙin aikinsa yakan buɗe asusu guda ɗaya tak, na cikin na'ura, wanda ba ya haɗe da kowane kamfani, sau da yawa ba shi ma da kalmar sirri. Uba ya zo daga baya ya ƙara asusun yaro, ya ɗora masa dokoki, ya manta da wancan na farko. Yaron ba ya bukatar wata gwaninta. Sunaye biyu yake gani idan ya kunna, ɗaya yana korarsa da ƙarfe tara, ɗayan ba ya korarsa. Ko babba ne aka bai wa wannan zaɓi an san wanda zai latsa. Haka nan asusun da makaranta ta ba ɗalibi hukumar makarantar ce ke iko da shi, shingen gida ba ya hawa kansa.

Saboda haka abu na farko da za a duba shi ne jerin asusun da ke cikin na'urar, a ga ko akwai wanda ba a san da shi ba. Na biyu, wanda ya fi shi muhimmanci, shi ne matsayin asusun yaron. Asusu iri biyu ne a Windows. Akwai na mai iko, wanda masu gyara ke kira adimin, akwai kuma na gama-gari. Mai iko yana iya buɗe sabon asusu, ya sauya agogo, ya sa manhaja ko ya cire ta. Wanda ya ɗora wa yaro dokoki ya kuma bar shi a matsayin mai iko, tamkar ya kulle ɗaki ne ya rataye makullin a jikin ƙofa. Gyaran yana da tsari, kuma ba a juya shi. Uba zai fara buɗe asusunsa na mai iko da kalmar sirri mai ƙarfi, ya shiga da shi ya tabbata yana aiki, sa'an nan ya sauko da na yaron zuwa gama-gari. Kalmar sirrin kuwa kada ta zama ranar haihuwar wani a gidan ko lambar wayar uwar gida, domin waɗannan su ne yaro ke fara gwadawa.

Akwai kuma batun shekarun haihuwa. Wata doka ta Amurka ta 1998 ta wajabta wa kamfanoni neman izinin iyaye kafin su tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba. Domin gudun wannan ɗawainiya sai wanda ke buɗe asusun ya ƙara wa yaro shekaru, ya rubuta shi ɗan ashirin. Daga ranar kamfani yana kallonsa a matsayin baligi, baligi kuwa yana da ikon ficewa daga rukunin iyali in ya ga dama.

Agogo da saƙon da bai iso ba

Dokar lokaci da agogon na'ura take aiki, ba da na bango ba. Nijeriya da Nijar suna gaba da agogon Girinwic da awa ɗaya. Kwamfutar da aka bari a kan lokacin gaɓar yammacin Amurka tana baya da Kano da awa 8 ko 9, gwargwadon lokacin shekara. Ke nan dokar da aka ce ta rufe na'ura da tara na dare za ta rufe ta ne da biyar ko shida na asuba, lokacin da yaron ya riga ya kwana yana kallo, ta kuma ci gaba da rufe ta cikin yini sa'ad da yake bukatarta. Ƙorafi biyun nan da aka fara da su suna iya zama ciwo ɗaya. Gyara hannun agogo kawai ba ya isa, sai an gyara yankin lokacin kansa, in ba haka ba da zarar na'ura ta hau intanet za ta daidaita agogonta ta koma gidan jiya.

Tsofaffin kwamfutoci suna da wata matsalar. A cikin galibinsu akwai ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, mai ƙarfin bolt 3, wanda aikinsa riƙe agogo ne idan an kashe na'ura. In ya mutu, babban batirin ma ya gaji, aka ɗauke wuta, sai kwamfuta ta farka a wata shekara da ta shuɗe. Illar ba ta tsaya ga dokar lokaci ba. Kafin na'ura ta yarda ta yi magana da kamfani sai ta duba takardar shaidarsa, wadda ke ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan kwanan watanta ba daidai ba ne sai ta ga kamar takardar ba ta da inganci, ta ƙi karɓar saƙo. Batirin ba shi da tsada, kowane mai gyara yana iya sauya shi.

Wannan ya kawo batun isar saƙo. Idan uba ya sauya doka a wayarsa, saƙon yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin kamfani, daga can kwamfutar yaro ta ɗauko. Inda ake sayen data kaɗan-kaɗan, na'ura tana iya yin kwanaki ba ta hau intanet ba, tana ta aiki da tsohuwar doka, rahoton abin da yaro ya yi kuma bai zuwa. Shirun rahoto ba alamar lafiya ba ce. Daɗin daɗawa, masu gyara sukan kashe sabuntawar Windows domin kada ta cinye data, sai gyare-gyaren da kamfani ya aiko su tsaya a hanya. Kamfanonin ma sukan yi tuntuɓe. A watan Yuli na 2023 Apple ya amsa cewa iyakokin Screen Time suna gogewa da kansu a wajen wasu iyalai. A watan Yuni na 2025 kuma Family Safety ya riƙa rufe Chrome a kwamfutocin wasu yara ba tare da ya nemi izinin iyaye kamar yadda aka tsara shi ba. Irin wannan ba a gida ake gyara shi ba, sai an sabunta na'ura an jira.

Ƙofofin gefe

Tace shafuka a Family Safety cikin burawuzar Edge kaɗai yake aiki. Sauran, irin su Chrome da Firefox, ba tace su yake yi ba, toshe su yake yi. Idan wata rana yaro ya roƙi a buɗe masa Chrome saboda aikin makaranta, uba ya latsa amincewa cikin gaggawa, to, daga nan duk abin da ya bi ta wannan ƙofa babu mai tace shi.

Wasu iyaye a na'urar raba intanet ta gida suke kafa shingensu, ta hanyar DNS, watau littafin adireshin intanet da ke juya sunan shafi zuwa lamba. Sukan sa lambar 1.1.1.3 da kamfanin Cloudflare ya fitar a 2020, wadda ke ƙin ba da adireshin shafukan batsa. Dabara ce mai kyau, sai dai burawuzoji na zamani suna iya tambayar wani littafin nasu a ɓoye, sai an shiga saitinsu an kashe wannan. Manhajar VPN kuwa rami take haƙawa ƙarƙashin shingen ɗungurungum. Ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin jama'a da yawa sun koyi amfani da ita lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, abin da babba ya iya kuwa ƙanensa bai daɗewa bai gani ba. Mafi sauƙi duka, yaro ya jona kwamfutar da intanet ɗin wayar yayansa, ya bar na'urar gida da dokokinta.

Hanyar gwaji ita ce uba ya zauna da kansa a asusun yaron, ba a nasa ba. Ya sa dokar rufewa minti goma nan gaba, ya jira ya gani da idonsa. Ya toshe wani shafi marar illa, ya gwada shiga da kowace burawuza da ke cikin na'urar. Abu ɗaya ake sauyawa a gwada kafin a taɓa na biyu, domin wanda ya sauya biyar a lokaci guda ba zai san wanne ne ya warkar ba. Ya kyautu kuma yaron yana wurin a tambaye shi cikin ruwan sanyi, tun da sau da yawa ya daɗe da sanin inda bango ya tsage.

Akwai abin da gwaji zai nuna wanda ba lalacewa ba ne. Mai tacewar da ke kan hanya sunan shafi yake gani, ba ya ganin abin da ke ciki, domin saƙonnin a lulluɓe suke tafiya. In an yarda wa yaro ya shiga YouTube saboda darasin lissafi, shingen bai san bambancin darasin da bidiyon da ke biye da shi ba. Wannan sai an shiga YouTube ɗin kansa an kunna tsarinsa na taƙaita abin kallo, a cikin asusun da yaron ke amfani da shi, a kuma kowace burawuza daban.